Bidiyon Baba a Hannun Baƙi

…wai in goge. Yaya ce a waya: “Ba kai ne mai gyaran kwamfuta ba? Ka goge shi mana!” In goge daga ina, Yaya? Da a wuri ɗaya yake, da na san ƙofar da zan buga.

Kai ne, Baba. Cikin wani ƙaton fayil, awa shida na bidiyon “ban dariya”. Kai ne a barandar asibiti, bayan ciwon mantuwa ya ci ƙarfinka, riga a karkace, kana kiran Mama da ta rasu shekara tara da suka wuce, fitsari na bin ƙafarka… wani ya ɗaga waya yana ɗaukar ka. Ya ɗaga waya! Har da sa kiɗa. Tir.

Ni da bakina nake koya wa mutane irin wannan hanyar sauke fayil a shagon nan. Yanka fayil ake yi gunduwa-gunduwa, nake ce musu, duk wanda ya samu yanki sai ya miƙa wa wani, ya karɓi wanda ba shi da shi. Yawan masu saukewa, yawan sauri. Har da murmushina… Ga masu saukewar nan a fuskar kwamfuta, lambobi a jere, ɗari uku da sha ɗaya, ba fuska ba suna. Wannan na riƙe da hannunka, wancan da muryarka, wancan kuma—

Fanka na juya warin dalma — ina yaro, hannunka a kan nawa, igiyar takalmin makaranta, “A hankali, Auta, ba tsere ake ba” — wa ke dariya a shagon telan da ke kusa da nawa?

Ni dai don in tabbatar kai ne na sauke shi. Tun safe. Na gani, na fita bakin ƙofa na zauna, abincin rana ma na kasa ci, na bar na'urar a kunne…

A kunne.

Wannan layin na ƙasa fa? Na aikawa ne. Motsi yake yi. Sha tara. Mutum sha tara sun karɓe ka daga teburin nan. Wanda ya gama saukewa shi ke komawa mai rabawa, ni na fi kowa sani, ni—

Na fizge filogi. Fuskar ta yi baƙi. Su sha taran suna can suna miƙa wa wasu.

Yaya na sake kira… Me zan ce mata, Baba?