Kiɗan da Ba Ya Jira

Tsatsa ta ci zarin har ya koma kalar jar ƙasa. Atiku na zaune a bakin zaurensa a Wurno yana gurzar sa da yashi da lemun tsami, yana ƙwanƙwasawa kusa da kunne ko muryar ƙarfen za ta dawo. Wannan zoben ƙarfe shi ya ciyar da gidansa shekara da shekaru, lokacin da babu maƙerin da zai aurar da ɗa tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo bai kira Atiku Mai Zari da mutanensa ba. Yanzu maƙera sun koma walda, makaɗansu sun koma gida. Mutanen nasa ƙasa ta rufe idon yawancinsu, saura Yusha'u mai dundufa, wanda doguwar gangar tasa ta cinye masa ji.

"Maigida, bar ƙarhen ga shi huta," in ji matarsa Habi. "Wa ka saurarenku yanzu?"

"Attahiru," ya ce, bai ɗago ba.

Attahiru tsohon maƙeri ne a Goronyo, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda Atiku ya yi wa take. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Jikansa zai yi aure, sai ya aiko cewa ba ya roƙon komai illa ya ji takensa, ya miƙe a gaban jama'a kamar da. A wurin su Atiku kuwa, in aka ɗauko taken mutum ba a sauke shi sai mai shi ya miƙe ya ɗaga hannu, ko da za a kai magariba. Mamaci kaɗai ake yanke wa take.

*

Yazid, ɗan Atiku, shi aka ba aikin kayan sauti na bikin. Yana da ɗakin haɗa waƙa a Sakkwato, inda yaro ɗaya da kwamfuta kan yi aikin makaɗa goma.

"Baba, ku buga sau guda in ɗauka in gyara," ya ce. "Ranar biki na'ura ka yi, ku dai ku riƙa motsa hannu."

"Motsa hannu? Mu birai na?"

"Hannun Baba Yusha'u rawa shikai, kiɗin na zamewa. Kowa da waya zai zaka. In kunka yi kuskure, duniya ta gani. In ko abin ya yi kyau, kun dawo ke nan."

Kun dawo. Kalmar nan ita ta kayar da Atiku, don tsohon makaɗi da kwaɗayin fage sai kabari. Ya yarda, kunya na cin sa.

"Amma ka sani, taken Attahiru ba a yanke shi."

"Na jiya, Baba," in ji Yazid, idonsa na kan waya.

An yi wa Yusha'u bayani da ƙarfi. Ya gyaɗa kai yana murmushi, bai ji ko rabi ba. Suka buga, Yazid ya ɗauka.

*

Ranar biki bayan la'asar aka zaunar da su a kan darduma cikin sababbin riguna iri ɗaya, aka kafa musu makirfo da ba a jona da komai ba. Lasifika biyu masu tsayin mutum suka tsaya a bayansu. Can gefen rumfa aka ajiye Attahiru a kujera, 'yarsa Lami na riƙe da kafaɗarsa.

Kiɗa ya ɓarke. Zarin Atiku ne, amma an yi masa gindi da wani bugu mai girgiza ƙirji. Samari suka yi ihu, wayoyi suka tashi sama. Atiku ya ji daɗi, ba zai ɓoye ba. Rabonsa da ganin idanu haka a kansa har ya manta.

Sai taken ya shigo.

Attahiru ya ɗago kai. Ya ture hannun Lami, ya dafa sandarsa da hannu mai lafiya, ya soma cira jikinsa daga kujera a hankali. Atiku ya bar wasan motsa hannu, ya zuba masa ido. Tashi, ɗan maƙera. Saura kaɗan.

Yana rabin miƙewa taken ya ƙare. Yazid ya datse shi daidai yadda masu kallo a waya ke iya haƙuri. Waƙar rawa ta maye gurbinsa, samari suka cika fili.

"Yazid! Maido shi!"

Yazid na can da abin sauraro a kunne. Ya hango bakin ubansa na motsi, ya ɗaga masa babban yatsa.

Atiku ya doki zarin da gaske, da duk ƙarfin da tsufa ya bar masa. A gefensa Yusha'u bai ma san an sauya waƙa ba. Tun farko shi taken yake bugawa tsakani da Allah, gumi na zuba, idonsa na kan Attahiru, yana jira. Lasifikan suka haɗiye su duka biyu.

Attahiru ya tsaya a duƙe, ya karkata kunne yana neman kiɗansa cikin hayaniyar. Ya daɗe yana nema. Daga nan ya koma kujera a hankali, Lami ta gyara masa farar hularsa.

*

Washegari da hantsi Yazid ya shigo gida da murna.

"Baba, ban ce maka ba? Kun dawo! Duba mutanen da sunka kalla."

Atiku ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa. Ga shi nan cikin sabuwar riga, ga Yusha'u, ga samari na rawa. Can a kusurwa, ta bayan kafaɗun masu rawa, wata farar hula ta ɗago kaɗan, ta tsaya, ta nutse.

Hoton ya ƙare, ya sake farawa da kansa. Hular ta sake ɗagowa.