Yagoro da Tulun Shayin Mai Ƙasa

Shekarar da fari ya ƙone shinkafa, Mai Ƙasa kuma ya ƙara haraji, ƙuri'a ta faɗa kan Yagoro: shi zai je birni ya tare akwatin da ake ɗaukar Mai Ƙasa a kafaɗa, ya kai kukan ƙauyen Kurumizawa. Kowa ya san ladan wannan aiki sare kai ne. Don haka mutanen ƙauye, masu son komai bisa tsari, suka sa ya saki matarsa Otane kada hukuncin ya shafe ta, suka yi masa zaman makoki yana zaune a tsakiyarsu, har ya nemi ƙarin miya. Mutuwar ba ta dame shi kamar sakin ba, don yana son Otane ƙwarai.

A bakin gadar birni ya hango ayarin, masu takubba gaba da baya, jama'a duk goshi a ƙasa. Ya yi kukan kura ya zube a gaban akwatin, ya zazzage duk abin da ke cikinsa, yunwa da fari da jariran da aka binne. Da iska ta ɗaga labule, sai ga tulun ganyen shayin Mai Ƙasa a kan matashin siliki. Shi ake wa rakiyar.

Masu takubba suka daɗe suna gardama. Doka ta yi maganar wanda ya kai kuka ga Mai Ƙasa, ba ta ce komai kan tulu ba. Yagoro ya miƙa wuyansa yana roƙon a sare, ya ce a gida an riga an ci shinkafar makokinsa. Babbansu ya ce ai tulun ya ji kukan, Yagoro ya tashi ya ba su hanya.

Ya koma ƙauye da kansa a wuyansa, kunya kamar ta kashe shi. Ya tarar an kafa masa dutse a bakin hanya, ana ƙona turare, har wata tsohuwa ta rantse dutsen ya warkar mata da ciwon haƙori.

"Haba Yagoro," in ji mai gari Magobei, "ka san irin wahalar da muka sha kafin mu samu waliyyi namu na kanmu? Ƙauyen ƙetare suna da biyu. Ka yi wa Allah, ka ci gaba da mutuwa."

Aka hana kowa yi masa magana. Ya zauna a gefen dutsen, yunwa na cinsa. Da yamma sai ga Otane da dunƙulen shinkafa a ganye. Ba ta dube shi ba. Ta durƙusa ta ajiye a gaban dutsen, hawaye na zuba, ta ce wa dutsen:

"Maigida, ci da zafinsa. Ƙofar baya kuma har yau ba ta rufuwa, ka tafi ba ka gyara ba."