Rijiyar Gidan Barmo

Ranar da za su tashi daga Gidan Barmo, Zaituna ta riga kowa shiri. Tun kafin motar kaya ta iso ta ƙulle tukwane a buhu, ta naɗe tabarmi, ta zauna a kan turmi tana jira. Shekara da shekaru take roƙon Allah ya nuna mata wannan rana. Ƙauyen nasu yana kan tudu a ƙasar Illela, rijiyarsa ɗaya tilo kuma ta ƙafe tun Zaituna na goyon fari. Aka rufe bakinta da itace da ƙaya, aka manta da ita. Ruwa ya koma sai a kwari, tafiyar da in mace ta fita da sanyin safiya ba ta dawowa sai rana ta take. Gidaje da yawa sun watse saboda haka.

Mijinta Labo kuwa Allah ya zuba masa taurin kai, shi dai a bar shi da ramukansa. Tun yana da baƙin gemu ya ji labarin tassa a shirin manoma na rediyo: a haƙa ƙananan ramuka a fako, ƙasar nan mai tauri da ko ciyawa ta ƙi, a zuba taki, in damina ta sauka ruwa ya kwanta ciki maimakon ya gudu. Ya kama haƙa ana yi masa dariya, da gero ya fito masu dariyar suka ɗauki nasu magirbin. Ba a jima ba tudun duka ya zama ramuka, kamar fuskar wanda ya yi agana. Rumbuna suka cika, gaskiya ne. Amma Zaituna ta sha gaya masa cewa ba a shan gero, kuma wuyan da ke ɗauko ruwan nata ne, ba nasa ba.

Bana da ciwon wuya ya kwantar da ita, Labo ya sauko, ya yarda su bar ƙauyen. Autansu Muttaƙa, mai kabu-kabu a Birnin Konni, ya samo musu ɗaki kusa da famfo, shi ne ya zo da mota yau. Labo yana ta miƙa kaya, idonsa yana can wajen gona. Zaituna ta ji tausayinsa har cikin ranta, amma ta kawar da kai.

Ɗan akuyarta ne ya ɓata shirin. Muttaƙa ya ɗaga shi zai jefa mota, ya fizge, ya yi bayan gari a guje, su duka a bayansa. Ya ɗane kan ƙayar da ta rufe tsohuwar rijiya. Itacen da gara ta gama cinyewa ya burma, ɗan akuya ya ɓace. Zaituna ta dafe ƙirji tana jiran ƙarar faɗuwa a kan dutse.

Abin da ta ji daban ne. Tsundum.

Kowa ya tsaya cak. Direban motar ya ce kunnensu ne. Aka kawo igiyar ɗaure kaya, Muttaƙa ya ɗaura a ƙugu, maza suka riƙe, ya sauka. Zaituna ta durƙusa a bakin ramin, wani sanyi ya bugi fuskarta, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a tsakiyar rani. Sai muryar ɗanta ta taso daga ƙasa.

“Inna! Ruwa na! Wallahi ruwa na, har ga ƙirjina!”

“Mi kac ce?” in ji Labo, kamar bai ji ba.

“Baba, ruwa! Ga shi yana tsattsahowa ta ko'ina!”

Aka jawo ɗan akuya jiƙe sharkaf, yana kuka, ko ƙwarzane babu. Bayansa Muttaƙa ya fito, wando na ɗiga. Wata maƙwabciya ta ruga ta kawo bokiti, aka zura, ya hau a cike. Da ruwan ya natsu, Zaituna ta leƙa ta ga sama a ciki, da fuskar wata tsohuwa. Ta sa hannu ta kurɓa. Garɗinsa ne, wanda ta sani tana amarya, bai canza ba.

Labo ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire hula. Ya dubi rijiya, ya dubi tudu, ya sake duban rijiya. “Ikon Allah,” ya ce a hankali. “Ruwan ramuna na. Wanda munka tare bisa duk damina, ashe ƙasa yaka tahiya. Ni gero nika biɗa, ban san ana aje muna wanga ba.”

Zaituna ta dubi tudun ita ma. Wato duk shekarun nan da take ratsa gonaki da tulu tana tsine wa ramukan, ruwa yana bin ƙasa a hankali, yana taruwa ƙarƙashin tafin ƙafarta, ba wanda ya sani sai Mai shi. Tsoro ya kama ta, irin wanda kan kama mutum in hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Gari kuwa ya taru, mata na guɗa, tsofaffi na salati.

Muttaƙa ya matso yana matse riga. “Inna, direba na jira. Konni da nisa.”

Zaituna ta dubi mijinta. Labo bai ɗago kai ba, don ya riga ya ba da magana kuma ba zai janye ba. Ita ce za ta faɗa.

Ta naɗe gefen mayafinta ta yi gammo, ta ce a ɗora mata bokitin. Muttaƙa ya fara zancen wuyanta, ta harare shi, ya ɗora. Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi irin na mai doguwar tafiya, ta taka. Ta wuce dangar maƙwabta, ta wuce masallaci. Kafin ruwan ya daina tangaɗi a kanta, sai ga ta a ƙofar gidanta.

Ta tsaya a tsakar gida, hantsi bai ko gama ɗagawa ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta da hannun sharewa. Ta duba inda za ta juye ruwan, babu komai sai zagayen sawu a ƙasa, an kwashe gidan tas.

Ta juya ga ɗanta da ya biyo ta.

“Kai, mi kaka kallo? Tahi ka sauko min da randata.”