Jaket Ɗin Mai Usur

"Ɗaga hannu, Malama," in ji mai ɗinki, fil cike da bakinta.

Mai Usur ta ɗaga hannuwa biyu kamar wadda aka tare a hanya. Jaket ɗin ya zubo mata ta kowane gefe. Ruwan lemo ne, irin lemon da babu bishiyar da ta taɓa haifa, da zif tun daga wuya har ƙugu, da wani siririn layi a baya mai ƙyalli idan fitilar mota ta haska shi. 'Yarta ce ta aiko da shi a farkon sanyi daga garin da take aiki, tare da wando mai roba a ƙafa da safar hannu da hula. A jikin kwalin an rubuta cewa yadin ba ya barin iska ta shiga, amma yana barin zufa ta fita. Mai Usur ta ce duk shekarun da ta yi tana koyarwa ba ta taɓa samun ɗaliba mai hankalin wannan yadi ba.

"Kwanan nan fa na rage miki shi," in ji mai ɗinki.

"Yadin ne yake buɗewa."

"Yadin nan ba ya buɗewa, Malama."

"To ke ce ba ki iya awo ba. Tun kina makaranta lissafi bai dame ki ba."

Mai ɗinki ta tattaro yadin ta hamata, ta soka fil, ta ja layi da alli. A ƙarƙashin yatsunta tana jin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya.

Rabin matan layin sun bi ta ƙarƙashin usur ɗin matar nan. Ita ce malamar motsa jiki a makarantar 'yan mata, kuma da ta yi ritaya makarantar ta karɓi makullan sito, ta manta da usur. Yanzu tana zaune a saman bene, daidai kan shagon mai ɗinki. Kullum da sassafe, idan sanyi ya shigo, takan busa sau ɗaya a bakin ƙofa, matan gidan su fito su bi ta zuwa tudun da ke bayan tankin ruwa. Da farko suna da yawa. Daga baya wata ta gano tana da gwiwa, wata ta gano tana da miji, sauran kuma suka gano daɗin bargo. A saman tudun akwai benci na siminti. Nan Mai Usur take tsayawa cikin jaket ɗinta a ɗauke ta hoto, ta tura wa 'yarta kafin yarinyar ta fita aiki.

Ranar da ta fara kawo jaket ɗin a rage, mai ɗinki ba ta kawo komai a ranta ba. A zuwa na gaba tef ɗin awo ne ya fara magana, sannan Mai Usur ta ƙarasa, tana kallon zaren da ke jere a bango kamar za ta saya. Ta ce a asibiti sun ga wani abu a cikinta, sun ba shi dogon suna, sun kuma yi mata tayin gado.

"Idan 'yar nan ta ji, za ta ajiye aikinta ta taho. Ta kwantar da ni, ta jera mini filo, ta riƙa yi mini magana a hankali kamar na zare. Ki bar ni in ga ƙarshen sanyin nan a tsaye. Hula da gyale sun ɗauke fuska. Jaket ne kawai zai tona ni, shi kuma aikinki ne."

Tun daga ranar mai ɗinki ta zama abokiyar ƙarya, da keke da zare.

Tana da ɗabi'a ɗaya a sana'arta wadda ta gada daga matar da ta koya mata: idan aka kawo tufa a rage, ba ta yanke abin da ya ragu. Takan kalmasa shi ciki, ta kwantar da shi ƙarƙashin shafi, domin jikin mutum ba ya zama wuri ɗaya, wadda ta rame yau gobe za ta dawo tana cewa a buɗa mata. Sai dai yadin wannan jaket ba ya yafiya. Atamfa ko leshi, idan ka farke ɗinki ka goge, sai ramukan allura su rufe kamar ba a yi ba. Wannan kuwa duk inda allura ta shiga, ramin na nan har abada. Saboda haka ba ta farke tsohon layi, sabo take bi a gefensa, can ciki kaɗan.

"Ke tela ce ko likita?" in ji maigidanta da rana, yana shan shayi a ƙofar shago. Tun da ya yi ritaya daga gidan waya ya kama aikin ba da shawarar da ba a nema ba. "Ki kira yarinyar ki gaya mata."

"Na yi alkawari."

"To kada ki kira."

"Idan ta mutu yarinyar ba ta gan ta ba fa?"

"To ki kira." Ya kurɓi shayinsa, ya gamsu cewa ya warware matsalar ta fuska biyu.

Da mace ta ƙarshe a cikin masu rakiya ta kamu da mura, sai ɗaukar hoto ya faɗo kan mai ɗinki. Ta fito cikin tsohuwar rigar sanyin maigidanta da takalman kambas da tata 'yar ta bari, tana jin kanta kamar buhun da aka ɗaure a gaggauce. Gari bai gama waye ba. Farin gajimare ya sauko ya kwanta a kan hanya, fitilun layi suna iyo a cikinsa, kowane numfashi yana fita da tururi. Raɓa ta jiƙa ciyawa har ta yi nauyi. Mai Usur tana gaba, babu abin da ake gani nata sai ruwan lemon nan, yana ɓacewa yana dawowa, kamar fitilar da wani ya ɗauka yana neman abin da ya yar tuntuni. Mai ɗinki ta ga kamar ba tafiya suke ba, hanyar ce take zamewa a ƙarƙashinsu. Ta ji ƙamshin filin makaranta da safe, da ƙarar takalman 'yan mata a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Mai Usur ta tsaya ta ce igiyar takalminta ta kwance. Ba ta kwance ba. Gaba kaɗan ta tsaya don ta koya wa mai ɗinki yadda ake jan numfashi ta hanci. Kusa da tanki ta tsaya ba ta ba da dalili ba, ta dafa ƙarfen, ta daɗe.

A saman tudu ta ja zif har haɓa, ta sa hannu a ƙugu, ta ɗaga kai.

"Ɗauka daga nesa. Kuma kada hannunki ya yi rawa, ba gawa kike ɗauka ba."

Kafin su sauko amsa ta iso. Mai Usur ta miƙa mata wayar don ba ta zo da tabarau ba. Mai ɗinki ta karanta mata: yarinyar ta ce Mama ta fi ta lafiya, kuma tun da haka ne za ta ɗage zuwanta sai bayan sanyi, aiki ya yi yawa.

"Kin gani ko," in ji Mai Usur. "Ɗinkinki ya yi kyau."

Ba a wuce mako biyu ba ta sake saukowa da jaket ɗin a hannu. Saukowar benen ta ɗauke ta tsawon lokacin da a da take yi wajen hawan tudu. Mai ɗinki ta juya rigar, ta duba ciki. Yadin da ta yi ta kalmasawa ya taru ya yi kauri a gefe biyu, layin ɗinki ya iso bakin aljihu.

"Babu sauran wuri, Malama. Sai dai a yanka."

"To yanka mana. Jiran me kike yi, in sake ƙiba?"

Ta tafi ta bar shi. Mai ɗinki ta shimfiɗa jaket ɗin a tebur, ta ɗauko babban almakashi, ta buɗe bakinsa a kan yadin. A sama tana jin takun ƙafa daga gado zuwa banɗaki, a hankali, da tsayawa a tsakani. Ta rufe almakashin ta mayar da shi ƙusarsa. Lambar yarinyar na cikin wayarta tun lokacin da ta ɗinka mata kayan fara aiki. Ta danna kira.

"Anti, lafiya?" in ji yarinyar.

"Ki taho gida," in ji mai ɗinki. "Hotunan nan da kike gani, ni nake ɗinka su."

Washegari da yamma yarinyar ta iso. Ta ajiye aikinta, ta kwantar da uwarta, ta jera mata filo, ta riƙa yi mata magana a hankali. Babu abin da Mai Usur ta faɗa wanda bai tabbata ba, har launin filon kusan ta canka. Tudun kuwa ba ta sake hawa ba, ga shi sanyi da sauransa.

Ta daina yi wa mai ɗinki magana. Idan mai ɗinki ta hau gaisuwa, sai ta juya fuska bango ta yi barcin da ko jariri ba zai yarda da shi ba. Usur ɗin ya samu sabon aiki: da shi take kiran 'yarta. Busa ɗaya ruwa, biyu a gyara filo, doguwa kuma a daina yi mata magana kamar yarinya. Mai ɗinki tana jin duka ta silin, tana taka keke, jaket ɗin rataye a bayan ƙofa da fil ɗinsa a jiki.

Wata safiya yarinyar ta leƙo shago, idanunta a kumbure.

"Anti, Mama ta ce ki kawo mata jaket ɗinta. Ta ce ke da kanki."

Mai ɗinki ta zare fil ɗin ta hau. Ɗakin yana warin magani da man zafi. Takalman gudu suna jere a ƙarƙashin kujera, da busasshen taɓon tudu a jikinsu, an hana kowa ya wanke. Su biyu suka sa mata jaket ɗin a kan rigar barci, suka ɗauke ta da kujerarta zuwa baranda. Ba ta fi nauyin kwandon wanki ba. Daga nan ana hango tanki, da benci, da gajimaren da ke tashi daga tudun a hankali.

"Matsoraciya," in ji Mai Usur, ba ta kalle ta ba. "Tun kina yarinya, da an ce gudu sai ki shige banɗaki."

"Ashe kin sani."

"Ina ganin takalmanki ta ƙarƙashin ƙofa." Ta laluba gefen jaket ɗin, ta ji kaurin yadin da ke ciki. "Ba ki yanka ba."

"Ban yanka ba."

"Kin cuce ni sauran sanyin nan, kin sani ko?"

"Na sani, Malama."

Yarinyar ta durƙusa tana ja mata zif. Mai Usur ta dubi tsakiyar kan yarinyar, ta daɗe tana duba, sannan ta ɗora hannu ta gyara mata wani gashi da ya tashi.

"Wannan ma ba ta iya jan zif ba," in ji ta. "Da digirinta."

Bayan 'yan kwanaki ta rasu, da hantsi, rana ta fara ɗumama bango. Mai ɗinki tana kan haɗa hannun wata riga, sai ta lura tun safe ba ta ji usur ba. Ta ɗauke ƙafa daga keke. Sai ta ji an ja kujera a sama, sannan muryar yarinyar tana kiran "Mama", ba a hankali ba wannan karon.

Da baƙi suka watse, sanyi ya fara sassautawa, yarinyar ta sauko da jaket ɗin a ninke.

"Anti, ko zai shige ni? Da na saya mata, awonmu ɗaya."

"Zai shige ki. Yadinsa duk yana ciki. Amma fa duk inda na bi da allura, iska za ta shiga."

"Ta shiga."

Ta zauna a kan bencin shago tana jira. Mai ɗinki ta ɗauko reza, ta ɗaga shafi, ta fara daga layin ƙarshe, na bakin aljihu. Zare ya riƙa tsinkewa da 'yar ƙara. Ta koma na bayansa, sannan na farko, yadin yana miƙewa a kan tebur yana komawa faɗinsa na ranar da ya fito daga kwali. Ta kakkaɓe guntayen zare, ta ɗaga jaket ɗin saitin taga don ta ga ko ta bar wani.

Rana ta biyo ta ramukan, layi bayan layi, daga hamata zuwa ƙugu. Ɗigon haske ya zubo a kan tebur, da kan almakashi, da kan hannuwan yarinyar da ke kwance a cinyarta.