Katakon Baba Istifanus

"Idrisu, kai za ka ciro min shi," in ji Baba Istifanus daga kwance, muryar da ƙyar take fita.

Na ce, "Haba Baba! Ni da gemuna a gan ni ina ɓalle bangon coci? A Kanon nan? Ai kafin in buɗe baki an tara min jama'a."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. 'Yarsa Rifkatu ta harare ni, ta ba shi ruwa.

Maƙwabcina ne a bayan masaƙun Bompai tun ina saurayi, kuma kafinta ne. Cocin nasu ɗan ƙarami ne, na katako. Lokacin da aka kawo injinan saƙa cikin manyan akwatuna, leburori Kiristoci suka roƙi katakon da za a ƙone, suka kwaso a ka, suka kafa wurin ibadarsu. Duk shekara kafin damina Baba ke shafe shi da baƙin mai saboda gara. Masaƙun sun mutu tuntuni, injinan sun tafi hannun 'yan gwangwan, amma cocin yana nan tsaye. Wallahi har yau abin yana ɗaure min kai.

Suna da wata al'ada. Duk wanda ya rasu cikin maginan, Baba zai ciro katako ɗaya daga bango ya sa a murfin akwatin gawarsa, ya maye gurbin da sabo. A haka bangon ya sabunta kaf, saura ɗaya a saman taga mai jan rubutun kamfani. Nasa ke nan. Matasansu sun koma sabon ginin bulo a Dakata, ba wanda ya san yadda ake zare shi bai tsage ba. Ni kuwa na sha riƙe masa tsani.

"Ba guduma," ya ce. "Babu ƙusa a jikinsa. Tura sama, sannan ka ja."

Ranar Talata da hantsi ya cika. Na ji kukan Rifkatu ta katanga. Na ɗauki tsani.

Ban gama jingina shi da bangon cocin ba aka fara taruwa. Wasu samari suka tsallako titi, fuska ba annuri.

Ado mai faci ya ƙwala min kira, "Malam Idrisu, lafiya kuwa?"

"Saƙon mamaci ne," na ce. "Baba Istifanus ya rasu."

Waɗannan samarin, wanne ne bai zauna a bencin da Baba ya gyara a makarantarsu ba? Ado ya goge hannu a riga, ya zo ya riƙe min tsani.

Na tura sama, na ja. Ikon Allah! Katakon ya zaro sumul kamar jiya aka sa shi. Bakinsa da ke ɓoye cikin gurbi fari fat, har da ƙanshin icen wata ƙasa. Hannu zuwa hannu aka sauke shi, babu wanda ya bari ya taɓa ƙasa.

Na tambayi Rifkatu wa zai sa sabo.

"Ya ce a bar shi haka, Kawu."

Da la'asar, bayan sun tafi da gawar Baba, na leƙa ta taga. Rana ta shigo ta gurbin, ta kwanta a kan bencin gaba.