Gwiwar Goggo Mai Guga

"Dawo min da ƙarfen nan, Auta," in ji Goggo daga kan gado.

Ɗan nata bai saurare ta ba. Ya ninke ƙarfen dogarawar da aka ba ta a asibiti, ya ɗora a saman kabad. Ina tsaye a bakin ƙofa, dawowata ke nan daga makaranta na leƙo gaisuwa, don ƙofarmu na kallon tasu.

"Likita cewa ya yi in riƙa tashi kullum."

"Likita bai ga faɗuwarki ba, ni na gani. Ki kwanta ɗinkin ya kama tukuna."

Goggo ce ke yi wa mutanen layinmu guga. Shekarun baya ta zame a matakala da kwandon kaya a ka, jijiyar da ke riƙe da ƙoƙon gwiwarta ta tsinke. Aka shafa magani aka ɗaure, ba a je asibiti ba. A hankali ƙoƙon ya haura wajen cinya, ƙafar ta daina miƙewa da kanta. Sai ta koyi tura gwiwar baya da tafin hannu kafin ta taka. Haka ta ci gaba da gugarta, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Sai da aka haifa mata jika. Wata rana tana jijjiga shi a tsaye, gwiwar ta lanƙwashe, suka zube tare. Yaron bai ji ciwo ba, amma tun daga ranar matar Auta ba ta miƙa mata shi sai ta zauna.

"Malama, kin ga yadda aka raba ni da angona?" ta ce min. "Sai na zauna kamar baƙuwa ake ɗora min shi a cinya."

Ita ta nace sai an yi mata aiki. Likita ya ce jijiyar ta daɗe har ta ƙanƙance, don haka ya ciro wata daga bayan cinyarta ya yi ƙari, ya janyo ƙoƙon zuwa mazauninsa. Aka ɗaure ƙafar a miƙe, aka ce ta riƙa motsa yatsu tana ɗan takawa, kada jini ya daskare.

Ban taɓa ganin jinya irin wadda suka yi mata ba. Abinci a gado, wanka a gado, matashi ta kowane gefe. Ko juyi za ta yi, sai Auta ya ce, "Goggo, don Allah a hankali!"

Da na ga ƙwaurinta ya kumbura yana zafi, na ja shi gefe.

"Ku mayar da ita a duba ƙafar nan."

"Kumburin aiki ne, Malama. Ai ranar komawa ta kusa."

Ranar Asabar da hantsi, Auta ya fita aiki, matarsa ta ƙwanƙwasa min ƙofa.

"Malama, ki zo ki yi mata magana. Wai ko in sauko mata da ƙarfen, ko ta sauko da rarrafe."

Muka sauko da shi. Na riƙe ta ta dama, matar Auta ta hagu. Goggo ta miƙe. Ƙafar ta tsaya sambal, ba tare da ta kai mata hannu ba. Ta dubi gwiwar ta yi dariya.

"Kun gani? 'Yar nan, miƙo min angona."

Matar Auta ta juya za ta ɗauko shi daga tabarma. Kafin ta ɗago, Goggo ta dafe ƙirji.

"Ku buɗe taga," ta ce. "Ba iska."

Tagar a buɗe take.

Mai shagon bakin layi ne ya ɗauke mu a motarsa. Kanta na kan kafaɗata, kuma kafin mu kai ƙofar asibiti na ji nauyinta ya canja.

Likita ya tabbatar ta cika. Da Auta ya iso, ya yi masa bayani a tsanake: gudan jini ne ya taso daga ƙwaurin ya toshe huhu.

"Ɗinkin fa?" in ji Auta. "Ya kama?"

"Ya kama."

Bayan masu ta'aziyya sun ragu, na shiga in karɓi kujerun da na ara musu. An cire zanin gadon. Auta na zaune a ƙasa, ya jingina da bango. Yaron ya rarrafo ya kama ƙafar gadon, ya miƙe yana tangaɗi, yana bubbuga katifar da tafin hannunsa.