Haƙoran Miriyam

Miriyam tana da shekara goma sha ɗaya lokacin da ta daina waƙa a coci. A ƙungiyar mawaƙan yara ta Kagoro ita ke ba da waƙa, saura suna amshi. Amma haƙoranta na gaba sun turo waje, biyu sun hau kan juna, har leɓe ba ya rufe su. A makaranta aka laƙa mata suna Zomo.

Uwarta Magdalene, malamar firamare, ita ta fara lura. Yarinyar ta koma cin abinci a ɗaki, in za ta yi magana sai ta kare baki da hannu. Ubanta Azariya, manomin citta, ya ce a bar ta, ƙuruciya ce. Shi ma haka nasa haƙoran suke, kuma duk unguwa an san shi da dariya.

Wata Asabar yana shanya citta a tsakar gida, ya tsokane ta don ta yi murmushi. Ta tsaya tana kallonsa.

"Baba, me ya sa ka ba ni irin haƙoranka?"

Ya ci gaba da baza citta a wurin da ya riga ya baza.

Ranar Litinin ya ɗauke ta a babur zuwa wurin likitan haƙori a Kafanchan. Likita ya samu turmi ɗaya, haƙorin ciki, ya ruɓe, domin buroshi ba ya shiga tsakanin haƙoran da suka cunkushe. Ya cire shi. Ya ce gyaran sauran sai an sa waya, a Jos, kuma zirga-zirgar za ta ci shekara biyu.

A gida rigima ta tashi. Magdalene ta ce da ya saurare ta tun bara, da ba a kai ga cire haƙori ba. Shi kuma ya tuna mata yadda ta bar yarinyar tana tsotson yatsa har shekara shida. Miriyam na bayan ƙofa, auduga a baki, ta ji komai.

An ɗage tafiya Jos sai bayan an sayar da citta. Da Kirsimeti ya zo, malamar waƙa ta biyo ta har gida sau biyu. Miriyam ta ce maƙogwaro ke mata ciwo. A coci ta zauna a bencin baya, Azariya ya bar wajen maza ya zo ya zauna kusa da ita.